Filashi da Rana Tsaka

Sanatu ta shaƙe wuyan rigar Osumanu mai hoto.

"Wa ke kunna filashi da rana tsaka? Wutarka ta kashe wa Jibirilu ido ya faɗa kwata!"

Jibirilu ɗanta ne fa, jama'a. Shekaranjiya yana gangarowa a unguwar Maamobi kan katakonsa mai tayar boris, yau yana asibiti, ƙafa a karye.

"Mma Sanatu, in rana ta take, inuwa baƙa ce, sai da wuta. Duba."

Osumanu ya ciro hoton da ya ɗauka rannan, ta fizge. A ciki, Jibirilu ko kallon kyamara bai yi ba, ƙasa yake duba, ya karkatar da katakon. Daga inuwar teburin waken Sanatu, ga autarta Adiza ta rarrafo gaban tayar.

Sanatu ta shafa bayanta, inda ya kamata goyon ya kasance rannan.