Ƙwan Zabi a Kan Tsohuwar Kwamfuta

Shekarar da aka hana ajiye na'ura mai zafi, Barira ma'aikaciyar hukuma ta yi sallama a zaurena da sabuwar kwamfuta, ƙarama kamar sabulun wanka.

"Baba, wannan ba ta shan wuta, ba ta ɗumi. Ina tsohuwar?"

Na ɗaga tsumma. Ƙwan zabi bakwai ne a kanta, tun ranar da shaho ya ɗauke kazar da ke musu kwanci.

"'Yar nan, in na ba ta aiki mai wuya, ɗuminta daidai da cikin kaza. Yanzu haka yashin rafi take ƙidaya mini. Saura kwana biyu su ƙyanƙyashe."

"Baba, duk ɗumin da ke gidan nan yana fitowa a allon ofishinmu."

Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta kara a kunne. Daga ciki aka ƙwanƙwasa mata. Ta mayar da shi a hankali, ta rufe.

"Zan ce musu zazzaɓi kake yi. In sun kira, don Allah ka yi nishi."