Abin da Ke Kai Datti Kwararafa

Madina ta sauka daga keke a unguwar Kwararafa. Ga motar mijinta Datti a ƙofar wani shago, kamar yadda ƙanwarta ta gaya mata.

Tun da aka ɗora ta a kan maganin damuwa, suganta ya ƙi sauka. Likita ya ce kada ta daina shan maganin, ta dai kula da abinci, ta rage tunani. Datti bai bar ta ita kaɗai ba. Tare suke cin acca da ganye, tare suke shan shayi ba suga. Amma kwanan nan da yamma sai ya ɓace, ya dawo yana fara'a. Jiya ma ta ji shi a waya ƙasa-ƙasa: "Yael, ki jira ni, ina nan tafe."

Ta yaye labulen shagon da ƙarfi. "Wace ce Yael a nan?"

Wata tsohuwa mai furfura ta ɗago daga kan tanda. "Ni ce, 'yata. Masar nawa za a zuba?"

Datti na can lungu a kan benci, yatsunsa sharkaf da zuma, ga lemo mai sanyi a gefe.

"Madina, wallahi gudun kada ranki ya biya ne ya sa nake ɓuya."

Ta dubi tsohuwar, ta dubi mijinta, sannan idonta ya tsaya a kan masar tana turiri. Sai ga hawaye.

"Da ma budurwa na tarar," in ji ta. "Ita ai da ban tsaya ina haɗiyar yawu ba."