Hayaƙin Faranti Na Biyu

"Sun ƙi kamawa," in ji malamin, idonsa a kan madubin bincike. "Zo ki gani."

Ɗalibar ta leƙa. Faranti biyu ne, kowanne an shimfiɗa masa furotin ɗin nan da ke sa huhu ya tale ya koma kamar roba. A na farko, wanda hayaƙi bai taɓa ba, ƙwayoyin halitta sun manne, sun baje abinsu. A na biyu kuwa hayaƙi ya ci furotin ɗin yadda tsatsa ke cin ƙarfe, ƙwayoyin sun dunƙule, sun rasa madafa.

"Huhun da ya kai nan da wuya ya gyara kansa," ya ce. "Wai a wace masana'anta kika ɗebo hayaƙin nan?"

Ta fita baranda, ta kira mahaifiyarta a waya.

Sai da tari ya lafa sannan murya ta fito.

"'Yar nan, hayaƙin ne bai ishe ku ba?" in ji tsohuwar tana dariya. "Zo ki ƙara, ga shi nan ya cika kicin. Yanzu na hura wutar abincinki."