Akuyar da Baban Auta Ya Haddace

Kun san direban nan mai cika baki, baban Auta? To, jiya ya faɗa ofishin shugabar makaranta yana huci, wai an ce ’yarsa ta saci labari a gasar rubutu, za a kore ta.

"Malama, wace irin sata? Ni na faɗa mata da bakina, ta rubuta. Labarin akuyar da ta cinye littafin lissafi ne. Da shi na ci kyauta ina aji shida!"

Auta na gefe, sai hawaye.

Shugabar ta cire tabarau, ta daɗe tana kallonsa.

"Baƙar akuya mai karyayyen ƙaho?"

"Ita fa!"

"Ta kakata ce. Benci ɗaya muke zama, ka leƙa ka kwafe. Malam ya ba ka kyauta, ni ya zane ni a gaban aji, wai ni na kwafa."

Shugabar ta ci gaba:

"Ba zan kore ta ba. Amma juya ka faɗa mata wa ya yi satar."

Auta ta share hawaye, tana jira.