Tsamiyar Hanyar Dayi

"Ba za a sare ta ba," in ji Isyaku, ya dafe taswirar.

Baturen ayyuka ya cire tabarau. Hanyar motar da za ta bi ta ƙauyen su Isyaku ce gwajinsa na ƙarshe. In ya gama ta, sai Ingila, ƙaro ilimin injiniya.

"Itace ne kawai," in ji Bature.

"Tsamiyar tsafin gidanmu ce, nan kakannina ke yi wa iskoki yanka. Ko hanya ta kauce, ko ka nemi wani."

Bature ya karkatar da hanyar ta wani ƙauye, ya ba wani gurbin Ingila.

Isyaku ya hau keke sai gida, yana ji da kansa. Ya tarar da kakarsa Marka tana tsinkar auduga, ya kwashe labari ya gaya mata.

Ta ajiye audugar, ta juyo gare shi.

"Wa ya aike ka? Tun da muka ga turakun awo muka yanka baƙin bunsuru, muka roƙi iskokin suka koma kukar bayan gida. Su ma sun gaji da ganinmu da auduga a ka har Malumfashi. Koma ka dawo mana da hanyarmu."