Yatsun Mai Ganga

Injin yankan katako na shagon da Kafinta yake aiki ya daɗe babu murfi a bakinsa. Duk sanda ya yi magana, sai mai shago ya ce, "Kai dai ka kula. In ciniki ya buɗe za a gyara."

Ciniki ya buɗe, mai shago ya sake mota, murfi dai shiru. Wata safiya katako ya zille, zarto ya cire wa Kafinta yatsu uku na hannun dama.

Kafin ya bar asibiti an sa wani a gurbinsa. Amma ba aikin ne ya fi cin ransa ba. Shi ne mai kaɗa ganga a coci tun yana saurayi, ga shi yanzu ko cokali ba ya iya riƙewa.

Wani maƙwabci da ya zo dubiya ya ce, "Duk kiɗan da ka yi wa Allah, da wannan ya biya ka?"

Maganar ta zauna masa. Ya daina zuwa sujada. Ran Lahadi sai ya rufe taga, ya zauna bakin gado, hannu cikin aljihu.

Rannan kakarsa ta turo ƙofa da sandarta.

"Maigidana, na ji an ce ka yi wa Ubangiji yaji. To ni aka aiko biko."

"Kaka, don Allah bari. Da wane hannu zan je?"

"Shi Yesun da kake kaɗa wa, hannunsa lafiya lau yake? Ƙusa aka buga masa, duka biyun. Ka ji ya ce ya fasa mu?"

Kafinta ya sunkuyar da kai. Tsohuwar ta yage gefen ɗankwalinta, ta jawo hannun daga aljihu, ta ɗauko makaɗin gangarsa ta ɗaure masa a tafin.

"Buga."

Ya buga kan kujera, makaɗin ya suɓuce.

"Raggon miji! Kawo nan." Ta ƙara tamkewa.

Ya daɗe yana koyo, tabon yana tsagewa yana warkewa. Ranar da ya koma coci, bai ɓoye hannun ba. Ya ratsa tsakiyar jama'a kai a ɗage, ya zauna gaban gangarsa. Bugun farko ya kauce, mawaƙa suka jira shi. Da ya kama, sai mata suka ɓarke da guɗa, Kaka ta jefar da sanda ta shiga rawa.

Yatsun ba su dawo ba, aikin ma haka. Yanzu goge kujeru yake yi da shafa musu fenti da hagu, yana ciyar da iyalinsa ba tare da roƙon kowa ba.

Jama'a, sakacin mai gida na iya nakasa ma'aikaci har abada, mu ji tsoron Allah. Kai kuma da wahala ta same ka, kada ka guje wa Almasihu. Bai yi alkawarin ba za mu ji ciwo ba, amma shi ne ke ba mu ƙarfin miƙewa.