Mota a Kan Tsakuwar Shanya

Motar tana tsaye a tsakiyar filin tsakuwa, baƙin mai yana ɗiga daga ƙarƙashinta. Mata uku sun kewaye ta, kowace da jiƙaƙƙen ganyen kombu a kafaɗa, sun rasa inda za su sauke.

Noboru Kuwabara ya fito daga masaukin da gudu, bakin wandonsa sharkaf da raɓa. Da ya ga matan sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mahaifinsa, tsoho Sakuji, yana biye da shi a hankali yana saka maɓallin riga.

A idon baƙo filin ba shi da maraba da wurin ajiye motoci. Amma a gaɓar Hidaka a kan irin wannan tsakuwar ake shanya ganyen tekun da mutane ke ci, kuma in bai sha ranar yini guda ba ya lalace. Da hannu ake tsince mata datti, ko kare ba a bari ya taka.

Kwanansu huɗu ke nan suna bin bakin teku. A baki hutu suka fito, amma Noboru da tasa a ciki. Shekarun tsohon saba'in da tara, shi kuwa Noboru malamin koyar da tuƙi ne a Asahikawa, kuma ya ƙudura sai uban ya mayar da lasisinsa kafin sanyi ya shigo. Tsoho ya ce ko kusa. Da motar yake zuwa kabarin matarsa, da ita yake sayo kifi, kuma kanti mafi kusa da gidansa tafiyar awa biyu ce a ƙafa. Gajeren mutum ne, ƙirjinsa kusan a kan sitiyari yake tuƙi, kuma bai taɓa barin kowa ya zauna masa a kujera ba, har wannan zabgegen ɗan nasa mai takardar shaida.

Saboda haka Noboru ya zauna a gefe yana jiran kuskure. Abin haushi, kuskuren ya ƙi zuwa. Yanyawa ta tsallaka titi, tsoho ya taka birki kafin malamin tuƙi ya gan ta. Hazo ya taso daga teku, ya rage gudu ba wanda ya ce masa. Jiya Noboru ya roƙi su yi sammako zuwa bakin dutsen da barewa ke saukowa gaɓar ruwa, tsoho ya ce bai yi wannan doguwar tafiya don ya rasa barci saboda awaki ba. Ya rataye makulli a ƙusa kusa da ƙofa.

Babbar cikin matan, wadda sauran ke kira Uwar Hamaya, ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi zagi ciwo. Ta dai tambaya ko motar ta wane ne.

Sakuji ya je ya buɗe ƙofar direba, ya ɗan tsaya yana duban ciki, ya mayar ya rufe. Sannan ya cire hula, ya sunkuya har hular ta kusa taɓa tsakuwa.

"Ni ne, 'yar'uwa. Ido ya tsufa. A gafarce ni."

Matar ta dubi tambarin tsofaffin direbobi da ke manne a bayan motar, ta dubi furfurar, sai fushinta ya sauya wuri.

"Kai kuma, dogo, meye amfaninka? Kana zaune da wannan tsawon ka bar ubanka yana tuƙi?"

Noboru ya sunkuya shi ma.

Tsoho ya hana a tayar da injin kada mai ya ƙara zuba. Ta taga ya miƙa hannu ya saki birki, aka tura motar zuwa titi. Daga nan suka durƙusa su biyu suna tsince tsakuwar da mai ya taɓa suna zubawa a bokiti, matan suna shanya a gefen da ya tsira, rana tana ta yi musu nisa. Sau uku ɗan ya roƙi Sakuji ya zauna, bai ko dube shi ba. Can Uwar Hamaya ta kawo wa tsohon shayi mai sanyi, ta dafa kafaɗarsa, ta ce nata mijin ma haka ya yi ta gardama kafin ya haƙura da tuƙi. Sakuji ya yi godiya da hannu biyu. Noboru bai taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba.

Da rana ta take suka gama. A bakin titi tsoho ya miƙa wa Noboru makullin, ya ce in sun koma gida ya raka shi ofishin 'yan sanda ya miƙa lasisin, tunda dai ƙauye guda ya ji shi ya ce idonsa ya tsufa.

"Baba, bari in koma in..."

"Tsoho suka gani, gobe sun manta. Kai kana da ɗalibai. Shiga mu tafi."

Ya zagaya ɗaya gefen ya zauna, ya ɗora hular a cinya, ya juya fuska wajen teku.

Noboru ya shiga. Hannunsa ya tafi ƙarƙashin kujera don ya ja ta baya, sai ya janye shi. Kujerar tana can baya, daidai tsawon ƙafafunsa, inda ya bar ta da asuba da ya dawo daga kallon barewa.